Kwana Goma a Benen Urushalima

Littafin Ayyukan Manzanni bai faɗi yawan kwanakin da manzannin Yesu suka yi suna jira ba. Masu nazari ne suka lissafa: Yesu ya yi kwana 40 yana bayyana gare su bayan tashinsa, idin Fentikos kuwa yakan zo kwana 50 bayan Idin Ƙetarewa. Saura goma ke nan, a wajajen shekara ta 30 ko ta 33 Miladiyya.

An umarce su kada su bar Urushalima. Umarni ne mai nauyi, domin su Galilawa ne, baƙi a birnin da aka gicciye shugabansu makonni shida da suka shige, ga hanyar gida a buɗe. Suka sauko daga Dutsen Zaitun, suka hau wani bene, suka duƙufa ga addu'a: su goma sha ɗaya, da wasu mata, da Maryamu uwar Yesu, da 'yan'uwansa waɗanda a dā ba su gaskata shi ba. Jama'ar gaba ɗaya kamar mutum 120 ce, ba ta kai ta ƙaramin ƙauye ba.

Aiki ɗaya tak aka rubuta sun yi a kwanakin nan. Bitrus, wanda shi kansa ya yi musun sanin Yesu har sau uku, ya miƙe ya ce a cike gurbin Yahuza Iskariyoti. Sharaɗin kuwa, sai wanda ya bi su tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Yesu sama. Aka tsai da Yusufu Barsaba da Matiyas, aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. Goma sha biyu ta cika, daidai da kabilun Isra'ila. Abin lura, da Hirudus Agaribas ya kashe Yakubu ɗan Zabadi daga baya, ba a ji an naɗa wani ba. Ga alama cin amana ne ya bar gurbi, ba mutuwa ba. Matiyas kuwa ba a sāke ambatonsa a littafin ba.

Ran Fentikos aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma. Cikin ƙasashen mahalarta an ambaci Masar, amma ba a ambaci ƙasashen Nilu da ke kudu da ita ba, sai a sura ta 8, inda ma'ajin Kandake ya karɓi baftisma. Kandake sarautar mata ce a Merowe, cikin Sudan ta yau. A shekarar 580 bishop Longinus ya yi wa sarkin Alwa baftisma, masarautar da ke da hedkwata a Soba, bakin Shuɗin Nilu, wadda ta mallaki Jazira har wajajen 1500. A ƙasar nan ce Hausawa da Fulani suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Maiwurno, wasu kuma suka yi gonaki har wajen Dinder.