Rundunar Dawakin Kano a Yaƙin Basasa, 1893 zuwa 1895

Rundunar dawakin Kano ita ce ƙashin bayan mayaƙan masarautar a ƙarni na 19, kuma ita ce ta rabe gida biyu a yaƙin da Kanawa ke kira Basasa, wanda aka gwabza tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wato magoya bayan Tukur da na Yusufu masu neman sarautar Kano, daga ƙarshen 1893 zuwa watan Maris na 1895. Galibin zirga-zirgar yaƙin ta gudana ne a gabas da kudu maso gabashin birni, wato ƙasashen Takai da Garko da Dutse da Gaya, har da karkarar da Ajingi take cikinta a yau.

Hawan doki don yaƙi tsohon abu ne a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa sarki na iya tara mahaya 7,000 da dakarun ƙasa fiye da 20,000.

Sai dai waɗannan mahaya ba runduna ɗaya ba ce mai bariki da albashi irin ta sojan zamani. Kowane hakimi da kowane sarkin gari yana da bargarsa da baradensa, shi yake ba su doki da sirdi da makami, shi kuma suke bi in an buga tambari. Madaki ne jagoran dawaki a bisa al'adar sarauta. Shamaki, wanda bawan sarki ne, shi ke kula da bargar fada. Sarakunan manyan garuruwa masu ganuwa, irin su Gaya da Dutse da Rano da Ƙaraye, kowanne yakan fito da nasa ayarin. Saboda haka amanar barde tana wuyan ubangidansa kafin ta kai ga gadon sarauta, kuma a nan ne raunin tsarin yake: in manyan gida suka saɓa, dawaki ma sun saɓa.

Mahayan kansu iri biyu ne. Akwai 'yan lifidi, waɗanda ake lulluɓe su da dokinsu da rigar da aka cusa wa auduga don kibiya kada ta ratsa. Lifidi yana da nauyi da zafi, doki ba ya dogon gudu da shi, don haka aikinsu shi ne fasa sahun abokan gaba da tsare sarki. Sauran barade, wasunsu sanye da sulke a ƙarƙashin riga, suna riƙe da mashi da takobi da garkuwa, su ne masu kai hari da leƙen asiri da bin waɗanda suka karye. Bayan kowane babban mahayi akwai zagage da masu yankan ciyawa, domin dokin yaƙi sai da dawa da harawa da kanwa a kullum.

Asalin rikicin gadon sarauta ne. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, bayan ya shafe shekarun mulkinsa yana tuɓe 'ya'yan yayansa, Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, daga muƙamansu. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zaɓi Galadima Tukur, ɗan Bello, wanda ya nuna jarunta a gabansa a yaƙin Argungu, kuma Wazirin Sakkwato Buhari ne ya naɗa shi. Yusufu ɗan Abdullahi, wanda jama'a da yawa ke ganin shi ya fi cancanta, ya fice daga birni tare da 'yan'uwansa suka sauka a Takai. 'Ya'yan Abdullahi suna da yawa ƙwarai, kuma kowannensu ya fita da barorinsa da dawakinsa. Wasu manyan bayin fada, waɗanda suka san makami da barga, su ma suka bi su.

Harin farko da Yusufawa suka kai wa birnin Kano bai yi nasara ba. Doki ba ya hawa ganuwa, kuma mahayi a bakin ƙofa abin harbi ne ga 'yan baka da 'yan bindiga. Daga nan suka mai da hankali ga karkarar gabas, suna jawo garuruwa ɗaya bayan ɗaya, wasu da lallashi, wasu da ƙarfi, suna kuma samun goyon baya daga Haɗeja da Gumel. A wannan mataki ne amfanin dawaki ya fito fili. Wanda ke da mahaya a fili shi ke riƙe da hanyoyi da rumbuna da kasuwannin ƙauye, shi kuma wanda ke cikin birni sai ƙasarsa ta riƙa tsukewa. Talakawan wannan yanki su suka ɗauki nauyin abin: hatsinsu ya ciyar da dawakin ɓangarorin biyu, kuma an kama 'ya'ya masu yawa an mai da su bayi, alhali Musulmi ne 'yan ƙasa ɗaya da masu kamun. Wannan shi ne mafi munin tabon Basasa.

Yusufu ya rasu a Garko a 1894 kafin ya ga ƙarshen yaƙin. Jama'arsa suka miƙa jagoranci ga ƙanensa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango, jikan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ta wajen uwa. A cikin wannan shekarar Alu ya shiga Kano, Tukur ya fice zuwa ƙasar Katsina ya zauna a Kamri. A watan Maris na 1895 rundunonin biyu suka haɗu a Tafashiya, inda Barde Abdu Nagwangwazo ya yi wa Tukur raunin da ya zama ajalinsa. Daga baya Sakkwato ta amince da sarautar Alu.

Alu ya raba sarautu da dawaki ga waɗanda suka yi masa yaƙi, ya kuma ƙara dogara ga bayin fada masu bindiga, musamman a karawarsa da Damagaram. Hawan ƙarshe na wannan zuriyar barade ya zo a watan Fabrairu na 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Kano Alu yana Sakkwato. A kusa da Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa wata 'yar ƙaramar rundunar Turawa da ta ja daga da bindigogi, aka kashe Wazirin da mutanensa da dama, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Lifidi da sulke da kwalkwali sun koma kayan hawan Sallah, kuma har yau ana ganin 'yan lifidi a ayarin sarki ranar Hawan Daushe.