Katin 'Yan Wasa: Yadda Guntun Kwali Ke Zama Dukiya

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Darmanawa, ko Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, a shekarun 1980 zuwa 1990, ba zai rasa tuna hotunan 'yan ƙwallo da yara kan tara ba. Wasu a cikin cingam ake samun su, wasu kuwa daga jarida ko kalanda ake yanko su a liƙa a bangon littafi. Akan yi musaya a bakin makaranta, a ba da biyu a karɓi ɗaya. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan wasan yara yana da tarihin da ya haura shekara ɗari, kuma a wasu ƙasashe ya zama kasuwa ta miliyoyin daloli.

Asalin abin daga 'yan taba ne. A ƙarshen ƙarni na 19, kamfanonin sigari na Amurka da Ingila sukan sa guntun kwali a cikin fakiti don kada karan taba ya karye, daga baya sai suka shiga buga hotuna a kansa don jawo masu saye. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin katunan 'yan wasan besbol, ciki har da na wani gwani mai suna Honus Wagner. Shi kuwa bai amince a yi talla da hotonsa ba, aka dakatar da bugawa, saboda haka 'yan gommai kawai suka rage a duniya. A 2022 an sayar da ɗaya daga cikinsu a kan dala miliyan 7.25.

Bayan 'yan taba sai masu cingam suka karɓi tuta. A 1952 kamfanin Topps ya buga katin wani matashi, Mickey Mantle, amma kashin da katin ya fito a ciki ya yi kwantai, har aka ruwaito cewa daga baya an loda ragowar a jirgin ruwa an zubar a teku. Wannan asara ita ta zama ribar masu ajiya, domin a watan Agusta na 2022 an sayi guda ɗaya da bai tsufa ba a kan dala miliyan 12.6. Ta ɓangaren ƙwallon ƙafa kuwa, 'yan uwan nan na gidan Panini a birnin Modena na Italiya sun fara sana'ar a 1961, suka fitar da kundin gasar cin kofin duniya na farko a 1970. Katin Pele na 1958 ma ya haura dala miliyan ɗaya a 2022.

To, mai karatu zai ce, me ke sa kwalin da bai kai tafin hannu ba ya fi gida tsada? Abu huɗu ne. Na farko ƙaranci, domin abin da kowa ke da shi ba ya kuɗi. Na biyu lafiyar katin: akwai kamfanoni irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, da ke duba kusurwa da gefe da hasken hoto su ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma lanƙwasa ɗaya tana iya zubar da darajar kati warwas. Na uku sunan mai hoton, musamman idan katin na shekararsa ta farko ne. Na huɗu kuwa labari, wato a san inda katin ya fito da hannuwan da ya bi. Idan aka lura da kyau, sakacin mutane dubu da suka yar da nasu shi ke ɗaga darajar na mutum ɗaya da ya adana. Ba banza ba Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

A nan ne abin ya shafe mu. Mu ma muna da gwanaye. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar lig ta ƙasa a 1978, Kano Pillars da aka kafa a 1990 ta ci a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, shi ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya, a raga ta Bulgeriya, ran 21 ga Yuni, 1994, ya kuma rasu a 2012. Amma gida nawa ne a Kano yau za a shiga a tarar da hoton 'yan Raccah na 1978, da sunan kowa a ƙarƙashinsa? Gara da damshi da tashin gida sun cinye mafi yawan abin da yara suka tara, saura kuma an ƙunshe ƙosai da su.

Ba lallai ne hotunanmu su taɓa yin kuɗin na Wagner ba, amma ranar da tsofaffin 'yan wasan nan suka ƙare, su kaɗai ne shaidar da za ta rage. Wanda duk ke da tsohon hoto, ko tikitin shiga filin wasa na Sabon Gari, ya sa shi a leda nesa da rana da ruwa, ya rubuta suna da shekara a wata takarda ya haɗa, tun masu iya gane fuskokin suna raye.