Daga Littafi Zuwa Majigi: Tarihin Finafinan Bengal

Mu a nan da an ce fim ɗin Indiya, hankalinmu Bombay yake tafiya, wato finafinan harshen Hindi da muka tashi muna kallo. To amma akwai wata masana'antar a birnin Kalkata mai yin fim da harshen Bengali, wadda mun sha romonta ba tare da mun san tukunyar ba. Abin da ya ja hankalina gare ta, a matsayina na mai rubuta littattafai, shi ne da yawa daga cikin manyan finafinanta daga littafi aka ciro su.

Mu fara da wanda kowa ya sani, Devdas. Wani marubucin Bengal ne, Sarat Chandra Chattopadhyay, ya fitar da littafin a 1917. A 1935 P.C. Barua ya mayar da shi fim da Bengali, ya fito a matsayin Devdas da kansa, a 1936 kuma ya sake yin sa da Hindi. Mai ɗaukar hotonsa, Bimal Roy, shi ya zo ya yi nasa a 1955 da Dilip Kumar. Sai na Shah Rukh Khan a 2002. Ku duba fa, shekara 85 labari ɗaya yana ciyar da jama'a!

Amma fim ɗin da ya kai sunan Bengal duniya shi ne Pather Panchali na Satyajit Ray, daga littafin Bibhutibhushan Bandyopadhyay na 1929. Ray ma'aikacin kamfanin talla ne, bai taɓa shirya fim ba. Ya fara ɗauka a 1952, kuɗi suka ƙare, har matarsa ta jinginar da gwalagwalanta. Sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta sa hannu aka gama a 1955.

Labarin wasu talakawan ƙauye ne, yaro Apu da yayarsa Durga. Talauci ya kori mahaifinsu zuwa neman kuɗi. Yana can ruwan sama ya doki Durga, zazzaɓi ya kama ta, ta cika. Uban ya dawo da murnarsa, yana fito da tsaraba, har da sabon sari na Durga, bai san an riga an yi jana'izarta ba. Babu rawa, babu bos, babu jarumi mai dukan mutum goma, amma duk taurin zuciyarka a wurin nan sai ka share hawaye. Fim ɗin ya samu kyauta a bikin Cannes na Faransa a 1956. Ray ya ci gaba da labarin Apu a Aparajito (1956) da Apur Sansar (1959), inda Sharmila Tagore ta fara fitowa. An ba shi lambar girmamawa ta Oscar a 1992, shekarar da ya mutu.

Shi kuwa Ritwik Ghatak ciwon raba Bengal gida biyu a 1947 ya sa a gaba. A Meghe Dhaka Tara (1960), budurwa Nita ce ke ɗauke da nauyin gidansu na 'yan gudun hijira, har saurayinta ya auri ƙanwarta, ita kuma tarin fuka ya kama ta. Masu son soyayya ma ba a bar su ba, don Uttam Kumar da Suchitra Sen sun riƙe kasuwa da irin su Harano Sur (1957) da Saptapadi (1961).

Na baya ba su saki wannan hanya ba. Rituparno Ghosh ya yi Chokher Bali a 2003 daga littafin Rabindranath Tagore, da Aishwarya Rai a matsayin matashiyar da mijinta ya mutu. A 2010 kuma Anjan Dutt ya farfaɗo da jami'in bincike Byomkesh Bakshi daga labaran Sharadindu Bandyopadhyay.

Shi ya sa nake kira ga masu shirya finafinanmu: kafin a tafi kwaikwayon na Bombay, a leƙa shagunan littattafai. Mu kuma marubuta, duk da ana ce wa namu adabin kasuwa, mu gyara alƙalami mu rubuta abin da zai yi ƙarko, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.