Yadda Ƙungiyar Ƙwallon Jami'ar Rutgers Ta Faro

Ranar 6 ga Nuwamba, 1869, ɗaliban Rutgers da ke jihar New Jersey a Amurka suka kara da na Princeton, wasan da ake ɗauka shi ne mafarin ƙwallon jami'o'in ƙasar. Mutum 25 ne a kowane ɓangare, kuma an hana gudu da ƙwallo a hannu. 'Yan Rutgers sun ɗaura jajayen ƙyallaye don su gane juna, suka ci 6 da 4. Bayan mako guda Princeton ta rama da ci 8 da nema. Ba a buga na uku ba, domin an ce malamai sun koka cewa ƙwallo na shagaltar da ɗalibai daga karatu. Daga baya salon zari-ruga ya shigo ya sauya wasan.