Daga Dakar zuwa Yamai: ina za mu kai ɗiyanmu su koyi haɗa magunguna?

Kowace shekara da sakamakon bak ya fito, uwaye da malamai sukan tambaye ni wace jami'a ce ta fi dacewa da yaron da ke son karatun farmasi. Amsata takan fara da tarihi, domin wannan zaɓi sabon abu ne a wurinmu. Kakanninmu ba su yi shi ba, hukuma ce ke yi musu.

A zamanin mulkin mallaka, makarantar likitoci da Faransa ta buɗe a Dakar a 1918 ita ce ke horar da ƴan Afirka ta Yamma, har da masu haɗa magunguna. Takardar da ake ba su ta mataimaka ce, ba ta kai ta Turawa ba. Ɗalibi ba ya zaɓen gari, inda aka tura shi nan yake tafiya.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa ONPPC a 1962 domin sayo magani da rarraba shi a ƙasa. Amma masu ilimin aikin sai an je waje. Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafafunta a 1973, sannan ta fara horar da likitoci, farmasi kuwa sai daga baya. Shekaru da dama ɗiyan Nijar sun yi ta tafiya da bursin gwamnati zuwa Dakar, da makarantar Point G ta Bamako, da Aljeriya, da Maroko, da Tarayyar Sobiyat. Tunda gwamnati ce ta tura, ita ce kuma ke karɓar difloma. Uba bai da abin bincike.

Abubuwa biyu suka nuna mana darajar wannan ilimi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, talaka ya ƙara komawa wajen masu tallar ƙwayoyi a kasuwa. Sannan a annobar sanƙarau ta 1995 aka yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu. Wanda aka koya wa gane magani mai kyau daga gurɓatacce, rayukan jama'a ne a hannunsa.

Yau hanyoyi sun yi yawa. Akwai sashen farmasi a Jami'ar Abdu Mumuni. Ƴan Maraɗi da Damagaram da Tawa suna duban Zariya da Sakkwato saboda kusanci, ko da yake can da Ingilishi ake karatu. Ga kuma makarantu masu zaman kansu a ƙasashen maƙwabta da ke talla a waya. Nauyin da gwamnati ke ɗauka a da, yanzu ya sauko kan uba da uwa.

Shi ya sa nake cewa a fara tambaya daga ƙarshe: idan yaro ya gama, Nijar za ta yarda da takardarsa ya yi aiki? A nan Yamai shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafa CAMES a 1968, kuma cikin ayyukanta akwai tantance diflomomin jami'o'i. A tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi da hukumar rajistar masu farmasi kafin a biya ko dala. A kuma rarrabe karatun dakta a farmasi, mai ɗaukar shekara 6, da ɗan gajeren horo na mai sayar da magani a kanti, domin tallar wasu makarantu takan cuɗe su.

Daga nan sai a je a gani da ido. Akwai ɗakin gwaje-gwaje mai aiki? A wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki? Ina waɗanda suka gama bara suke? Malamai, ku gaya wa ɗalibanku wannan tun suna ajin ƙarshe na lise, kafin uba ya sayar da gona ko shanu don biyan kuɗin rajista.