Ƙwaraƙwaran Fadar Sin da Namu na Kontagora

A 2018 aka saki wani fim mai dogon zango a ƙasar Sin, Story of Yanxi Palace, kashi 70 cur. Labarin wata yarinya ne, Wei Yingluo, wadda ta shiga fada tana ɗinkin ado don ta gano wanda ya kashe yayarta, ta yi ta hawa har ta zama ta gaban goshin sarki. Ya bi wayoyin hannu ya iso mana Kontagora, kuma na ga yadda matan gidanmu ke haɗa kai kan waya ɗaya bayan isha'i, wannan na tsine wa mai zuba guba, waccan na cewa ai kishi kumallon mata ne. Ni ma na kalla. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne muna kallon abin kamar al'adar wasu mutane can nesa, alhali garinmu da irin waɗannan mata aka gina shi.

Ita waccan yarinyar ta fim tana da asali a tarihi. Matar da aka ɗauko labarin daga rayuwarta ƙwarƙwarar Sarki Qianlong ce, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, kuma ɗanta ne ya gaje shi. A daularsu ta Qing komai a rubuce yake. Duk bayan shekara uku ana tara 'yan matan gidajen mayaƙan daular a zaɓa. Akwai sarauniya ɗaya, sai matakai a ƙarƙashinta, kowane da albashinsa da yawan barorinsa. An san ranar da aka ɗaga darajar mace, da inda aka binne ta. Shi ya sa masu shirya fim suke da abin ɗebowa.

Namu ba ta hanyar zaɓe suka shigo ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu, ya samu sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora wajen 1864 a tsakiyar ƙasar Kambari. Daga shi har ɗansa Ibrahim, wanda ya hau a 1880, arzikin masarautar a kan hari ya tsaya. Da rani ya yi, dawaki su fita zuwa ƙauyukan Kambari da Dukawa da Dakarkari da Kamuku da Gwari. Harin Ibrahim ya kai har ƙasar Zazzau. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda jin sunan Mai Sudan, wato Ibrahim, kaɗai ke sa mutanen ƙauyukansu gudu zuwa garuruwa masu ganuwa, da yadda dangi ke tara wuri su je fansar nasu. Waɗanda ba su da mai fansarsu fa? Maza a kai kasuwa ko gandu. Yarinyar da ta yi kyau a ido kuwa, farashinta ya fi na ƙato majiyi ƙarfi, sai a ware ta. Ko sarki ya sa ta a ɗaka, ko ya ba wani jarumi tukuici, ko a aika da ita Sakkwato cikin gaisuwa.

Idan ta shiga kulle, dokar da ke kanta daban take da ta matar aure. Matan aure huɗu ne iyaka, ita ba a ƙayyade irinta ba. Ba sadaki, ba rabon kwana, ba gado. Ƙofa ɗaya shari'a ta buɗe mata, wato haihuwa. A mazhabar Malikiyya, da zarar ta haifa wa ubangijinta ba a sayar da ita, kuma ranar da ya mutu ta 'yantu. Ɗan da ta haifa ɗa ne, daidai yake da ɗan uwargida wajen gado da neman sarauta. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara kallon rikicin cikin gidan sarauta a matsayin halin mata kawai ba. Matar da 'yancinta da makomarta suka rataya kan cikin da take ɗauke da shi, dole ta sa ido kan tuwon da aka kawo mata da hannun da ya kawo shi. A nan ne fim ɗin Sin ya faɗi gaskiya, ko da ya ƙara gishiri.

Kuma ba zaman kashe wando suke yi a ciki ba. A Kano aka fi bin diddigin wannan. Tarihin Kano ya danganta fara kulle ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Heidi Nast, wadda ta yi bincike a Gidan Rumfa, wato fadar Kano, ta fitar da littafinta a 2005, ta nuna cewa ƙwaraƙwarai na riƙe da muƙamai irin su Uwar Soro da Mai Kudandan, cewa hatsin fada a hannunsu yake, kuma sanin da kowacce ta yi wa ƙasar da aka ɗauko ta yana yi wa sarki amfani. Jakadu mata ne ke kai saƙo tsakanin cikin gida da waje. Sarakunan Kano da dama 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, kuma ba wanda ya ce sarautarsu ta ragu da haka.

Ina ƙarami akwai wata tsohuwa a unguwarmu da muke kira Kaka, kamar yadda kowa ke kiranta. Tana kaɗi a bakin ɗakinta, mazari na juyawa a kan 'yar fatar da ta shimfiɗa, tana dangwalar alli da yatsa. Idan zani ya zame daga kafaɗarta sai ka ga zane a jere har gadon baya, irin wanda ba na Hausawa ba ne, ba na Fulani ba. Hausarta garau take, amma in ta zo ƙirga kwalli ko goro sai ta koma wani harshe a hankali. Mahaifiyata ce ta gaya mini daga baya cewa uwar Kaka da hari aka kawo ta, ita ta yi mata zanen, ita ta koya mata ƙirgan. Na tambayi sunan ƙauyen. Ta ce, "Kai dai ka yi shiru, ba a tonon wannan." Jikokin Kaka suna nan, wasu malamai, wasu manyan ma'aikata, kuma dukkansu da sunan kakansu namiji suke tinƙaho.

Haka jerin sarakunanmu yake. Umaru, Modibbo, Ibrahim, Umaru Maidubu, Mu'azu, Sa'idu Namaska wanda ya rasu a 2021: yaron firamare zai jero maka su, wane ɗan wane. Ka ce ya faɗi uwayensu ka ga inda zai tsaya. Ban faɗi haka don in ci mutuncin gidan da nake girmamawa ba. Ina ganin gidan da ya isa ya kamata ya iya faɗin sunan matan da suka haife shi, da ƙauyukan da aka raba su da su.

Turawa sun ci Kontagora a watan Janairun 1901. Ibrahim ya fita, aka kama shi a 1902, aka mayar da shi kan karaga a 1903, ya zauna har 1929. Sun rubuta cewa da aka ce ya bar kama bayi, sai ya tambaya ko ana hana kyanwa kamun ɓera. Dokar shugabansu Lugard ta hana hari da cinikin bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne. Aka buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, nan kusa da mu. Amma matan da ke cikin kulle Turawa ba su so taɓa su ba, don suna buƙatar sarakuna. Masanin tarihi Paul Lovejoy, da ya duba takardun kotunan farkon zamanin, ya tarar mata ne suka fi yawa a shari'o'in 'yantarwa, kuma da yawansu wani namiji ne ya biya fansa ya wuce da su ɗakinsa. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma lokacin da Nast ta shiga fadar Kano a ƙarshen shekarun 1980 ta iske ƙwaraƙwarai na zaune a sassansu.