Tarihin Tseren Kwale-kwalen Siminti a Amurka

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Yawuri, ya rubuto yana cewa ya ji wai a Amurka 'yan jami'a suna tsere da kwale-kwalen siminti. Yana so ya san ko gaskiya ne, kuma yaushe aka fara.

AMSA: To Malam, gaskiya ne, ba tatsuniya ba ce. Masu yin wannan tsere ɗalibai ne masu koyon aikin injiniya na gina hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa.

Asalin abin ya girmi tseren nesa ba kusa ba. Tun a 1848 wani Bafaranshe, Joseph-Louis Lambot, ya ƙera ɗan jirgin ruwa da siminti da wayar ƙarfe, aka nuna shi a bikin baje koli na birnin Paris a 1855. A yaƙin duniya na ɗaya da na biyu kuwa, da ƙarfe ya yi wuya, Amurka ta gina manyan jiragen dakon kaya da kankare.

Shi tseren kansa daga aji ya fito. A 1970 wani malami a Jami'ar Illinois, Farfesa Clyde Kesler, ya sa ɗalibansa su yi kwale-kwale da kankare. Da 'yan Jami'ar Purdue suka ji labari, sai suka yi nasu. Aka kara a 1971, Illinois ta ci. Daga nan sauran jami'o'i suka ɗauka. A 1988 ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka, ASCE, wadda aka kafa tun 1852, ta shirya gasar ƙasa ta farko a jihar Michigan, Jami'ar California ta Berkeley ta zo ta ɗaya. Tsarin shi ne, jami'o'in kowane yanki su taru su gwabza, zakarun yanki su wuce gasar ƙasa. A irin wannan taro akan yi gasar harhaɗa ƙaramar gadar ƙarfe, a ɗora mata nauyi a gani.

To yaya siminti zai yi iyo? Ai ka san ƙusa nutsewa take yi, amma kwanon ƙarfe yana zama bisa ruwa, saboda faɗinsa da ramin cikinsa. Haka abin yake. Sannan kankare na gini ya ninka ruwa nauyi fiye da sau biyu, don haka ɗaliban sukan bar tsakuwa da yashi, su kwaɓa siminti da wasu ƙwayoyin gilas marasa nauyi. Kafin a fara tsere sai alƙalai sun sa an cika kwale-kwalen da ruwa an danna shi ƙasa. Dole ya taso da kansa. Kuma gudu kaɗai ba ya ba da nasara: sai kowace jami'a ta rubuta yadda ta yi kwaɓinta, ta kare shi a gaban alƙalai.

Kada a ɗauka wasa ne. Ɗalibin da ya yi kuskuren awo, shi da abokansa ne za su sha ruwa a gaban jama'a. Gobe kuwa shi za a ba aikin gada ko kwalbati. Duk manomin da ruwan damina ya taɓa yanke masa hanyar kasuwa, amfanin gona ya lalace a hannunsa, ya san abin da ha'inci a kwaɓin siminti yake jawowa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.